Ɗan Ingila da Ɗan Sifaniya

Shekarun baya, ina sabon zuwa Jidda, na yi aiki a wata warsha ta gyaran motoci a unguwar Khumra. Babban makanikenmu Bahaushen Sudan ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Kowa Mu'allim yake ce masa, shi kuma ƙanena yake kirana. A hankali ya zama abokina.

Wata rana kafilinmu, wato mai warshar, ya ce mu share wani tsohon sito. Can ƙurya muka yaye tamfol, sai ga babura biyu sun sha ƙura, ba fitila, ba wurin zaman kirki. Na ce, "Mu'allim, waɗannan ai sai 'yan gwangwan."

Ya shafa tankin ɗaya ya ce, "Haram alek, ƙanena. Na hawan dutse ne. Ba gudu ake yi da su ba. A tsaye kake hawa, a hankali, gwani shi ne wanda bai sa ƙafa a ƙasa ba."

Kafili ya ce na mahaifinsa ne, in mun iya tayar da su mu riƙa hawa. Wata uku muka yi muna wanke kafireto, muna yawon neman fulogi a shagunan Sharafiyya.

Ɗaya ƙirar Ingila ne, baƙi, in ka tura shi kamar ka tura bijimin sa. Kukansa dum, dum, dum, ba ya gaggawa. Nauyinsa ke danne tayar baya a kan dutse, sai ya yi ta hawa ko ba ka murɗa totur sosai ba. Amma in ya karkata, to ya karkata, sai dai ka kauce. Ɗayan ƙirar Sifaniya ne, ja, siriri, mai hayaƙi da ƙara. Kana taɓa totur tayar gaba ta ɗaga. Inda ka kalla nan yake juyawa, sai dai a kan tsakuwa yakan yi santsi kamar akuya a siminti.

Duk Juma'a bayan la'asar mu ɗora su a bayan a-kori-kura mu nufi duwatsun gabashin gari. Ni jan nake hawa, shi baƙin, musu kuwa ba ya ƙarewa. In ce nasa jaki ne, ya ce nawa fara ce.

Ranar da girman kai ya ɗebe ni na karɓi baƙin, ko rabin hawan ban kai ba ya kwanta mini a ƙafa. Ina ihu, Mu'allim yana dariya har da riƙe ciki. Shi kaɗai ya ɗaga shi. Ya ce, "Kai kokawa kake yi da shi. Wannan ba a tilasta masa, lallaɓa shi ake yi."

Haka muka yi shekara huɗu. Sai wata Juma'a na ga ya taka kikin baƙin sau uku bai tashi ba. Ya tsaya yana haki, ya jingina da mota. Can ya ce, "Ƙanena, yau ba ni jan."

Na fara shirin tsokana, amma da na dubi fuskarsa sai na haɗiye. Ya hau jan ya zaga sau ɗaya a fili, bai je kusa da dutse ba. Da ya sauka ya ce, "Wallahi yana da daɗi. Ba nauyi."

A hanyar komawa ya gaya mini likita ya ce zuciyarsa ce, kada ya ƙara ɗaukar abu mai nauyi. Ya ce ba zai sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba, gida zai koma wurin 'ya'yansa.

Na ce, "Mu'allim, ko aikin zaune ne ai za a samo maka."

Ya ce, "Halas, ƙanena. Shekara talatin ta isa."

Ni na kai shi tashar jirgin ruwa. Bayan tafiyarsa na fita dutsen sau biyu ni kaɗai, na ga ba zan iya ba. Da aka sayar da warshar aka haɗa da baburan, ban ma tambayi wanda ya saya ba.

Yanzu in na tuna sai in ga shekara huɗu na yi ina ƙoƙarin ya yarda nawa ya fi nasa. Ranar da ya yarda kuma, da zan iya da na toshe kunnena.

Mun daɗe muna waya. Tun da rikici ya tashi a ƙasarsu lambarsa ta daina shiga, duk wanda na tambaya cikin 'yan ƙasarsu a unguwar Nuzla sai ya ce bai da labari. Na canza waya sau uku tun daga lokacin. Duk sabuwar da na saya, lambarsa nake fara sawa.