Gwadabe da Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Gwadabe manomin gyaɗa ne a Toranke, mutumin da bai taɓa yarda da magana don kawai an faɗa ba. Ko cewa aka yi an yi ruwa a Gafasa, sai ya je ya tona ƙasar da yatsa.

Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a Ajingi ya shiga, har ya iya lissafin rabawa. Wata rana malaminsu, Malam Da'u, ya jera ɗaya-ɗaya guda bakwai a allo, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari da goma sha ɗaya da ɗari da goma sha ɗaya. Ya ce akwai lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, amma wannan shi ma bai san ɓangaren da take ba.

Gwadabe bai yarda ba. A ganinsa malamin ya sani, ɓoyewa yake yi.

Da rani ya kama, sai ya riƙa share ƙasa a gindin tsamiya yana zane da tsinke, yana gwada raba lambar. Ya gane lambar mara ce, don haka ya watsar da duk lambobin cika. Uku ta bar ragowa, bakwai ma haka. Da yake bai amince da hannunsa ba, kowane lissafi sai ya maimaita, damina kuma ta zo ta katse shi.

Mutanen gari suka ga zane a ƙasa, suka ce duba yake yi. Wata tsohuwa ta zo tambayar inda akuyarta ta shiga, ya kore ta, aka ce ai manya kawai yake yi wa aiki. Matarsa Barira ta daina barin tsintsiyarta kusa da wurin. Shi kuwa, duk sanda ya tarar an tattake zanen, sai ya zargi maƙwabcinsa Kabo.

Shekarar da aka yi babban fari, magana ta yi ƙarfi cewa shi ya ɗaure ruwa. Dattawa suka same shi a gindin tsamiyar. Ya yi musu bayani tiryan-tiryan, suna kallon juna.

Kabo ya ce, "To in ta rabu, me za ka samu?"

"Zan san ta rabu," in ji Gwadabe.

Amsar ta ƙara musu shakka.

Daga baya ya kai ɗari biyu da talatin da tara, ta raba lambar tas, kowane kaso dubu huɗu da ɗari shida da arba'in da tara. Ya hau keke zuwa Gaya, garin Malam Da'u, don ya gaya masa, aka ce masa ya daɗe da rasuwa.

Ya dawo gida, bai ƙara zane ba. Mutane suka ce lallai buƙatarsa ta biya, kuma har ya tsufa ana gaishe shi daga nesa.