Alluran da Suka Sauko da Baba daga Kan Soro

Mun so tashi da asuba daga ƙauyenmu na wajen Makoɗa, amma dole muka jira gari ya waye, domin Baba ba ya iya tafiya a duhu yanzu. Mutumin da ya tsufa yana yaɓen soro, yau sai an riƙe shi zai hau babur. Damina ta ƙarato, masu gidaje na jiransa, shi kuma tambayarsa ɗaya ce: zai sake hawa kuwa?

A Ɗambatta muka shiga bas ɗin Kano, an cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Na sayi ƙosai, tsada ta mai da shi kamar ƙwallon goro. Duk ramin da mota ta faɗa sai Baba ya damƙe gwiwata, ya ce bishiyoyi da gonaki tsalle suke yi a idonsa.

A asibiti mun yi layi har azahar. Likita ta sa Baba ya haɗa ƙafafu ya rufe ido. Nan take ya tafi luu, na tare shi. Ta ce can cikin kunne akwai 'yan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa duk motsin kai, ita kuma ta haɗa da saƙon ido da na ƙafa ta tsai da mutum. Sai ta tambaya ko an yi masa allurai. An yi, bara, da ya yi zazzaɓi. Mai kemis ɗinmu ya jera masa su safe da yamma, domin a wajenmu ƙwaya ba magani ba ce, sai an soki mutum yake yarda an kula da shi. Da na kwatanta wa likita allurar, ta ce irin wannan, in ta yi yawa, kashe cikin kunnen take yi. Ido ne kaɗai ke riƙe da Baba. Atisaye zai taimaka, amma hawa ya ƙare.

Muka kamo hanyar gida. Ni kuwa takaici ya cika ni, na gane abin da muke kira kulawa shi ya nakasa shi. Mun isa gida kafin magariba, maƙwabta suka shigo sannu da hanya. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "To madalla. An dai yi masa allura ko?"