Baƙin Mai a Kan Teburin Ƙirya

Na dawo daga Mahuta na tarar da kawuna, tsohon saje, tsaye a kicin ɗinmu na Zuru da galan a hannu, yana murmushin wanda ya yi aikin lada.

Wata uku na yi ina haɗa teburin. Guntayen ƙirya na jera a tsaye, bakin yankansu yana sama kamar gungumen mahauta, na manne, na goge. Saura man kaɗanya da kakin zuma, matata ta fara yanka kayan miya a kai.

Kawu ya riga ni. Ya shafe shi kaf da baƙin man inji.

Na ce, "Kawu, abinci za a yanka a nan."

Ya ce, "Mai digiri, jami'a ba ta ba ka labarin gara ba? Haka muke yi wa katakon rufi a bariki."

Ta bakin yanka itace yake shan mai har ciki, goge ba ya fitar da shi.

Kusan shekara ashirin ke nan gara ba ta kusanci teburin ba. Albasa ma haka, don matata ba ta taɓa yanka komai a kai ba. Duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan taimako, ina sauraronsa.