Noti a Cikin Gwangwani

Ido-Biyu ake ce masa a tasha, don tun da ya fara jan doguwar bas ɗin kamfani ba wanda ya taɓa ganin ya yi hamma a kan sitiyari. Da wannan sunan ya gina ɗaki biyu da baranda, ya aurar da 'yarsa ta fari. Sirrin kuwa yana cikin kwalin ashana a aljihun rigarsa: 'yan ƙwayoyin hana barci. A da ɗaya kan kai shi ta dawo da shi. Yanzu ba ta kai shi ko rabin hanya.

Matarsa ce ta fara lura kofin shayi na kaɗawa a hannunsa.

"Baban yara, wannan rawar hannun fa?"

"Jijjigar inji ce."

"Injin har gida yake rako ka?"

Bai gaya mata yadda kwanan baya titi ya rabu biyu a idonsa ba, yana tafe da mota cike da mutane, sai da ya zaɓi ɗaya da addu'a.

Ana haka wata malamar asibiti ta zo tashar tana binciken lafiyar direbobi. Ta ce in aka tabbatar da yawansu na shan ƙwaya, za a matsa wa kamfani ya sa direba biyu a kowace doguwar tafiya, su riƙa karɓar juna. Ta zauna a ofishin manaja tana kiran su ɗaya bayan ɗaya, manaja na gefe yana yanke farce.

"Kana shan abin hana barci?"

"Ni? Malama, ko maganin ciwon kai sai an danne ni," in ji Kawu, dattijon direbobi, wanda kowa ya san a wurinsa ake samun ƙwaya in ta yanke.

Kowa ya rantse. Malama ta dubi jajayen idanun da ke rantsuwar, ta tattara kayanta.

Da ta dawo, sai ta zo da dabara. Ta sa labule a ɗakin ajiyar taya, ta ajiye gwangwanin madara mai huda a murfi. Ba suna, ba magana. Kowa zai shiga shi kaɗai da maɓalli biyu: fari in ba ya sha, baƙi in yana sha. Sai dai baƙaƙen sun zube mata a hanya. Bakanike ya ce wannan ai ba matsala, ya ɗebo mata ƙananan notina cike da tafi. Noti ya zama "ina sha".

Ido-Biyu ya ji sanyi a ransa. Ya damƙe notinsa, ya hau layi.

Kawu ne ya fara shiga. Shiru. Sai ƙarfe ya daki gindin gwangwani: ƙwal!

"Kawu ya yi sallama!" wani ya ce, layi ya ɗauki dariya.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Tsakanin ɗakin taya da ofishin manaja falle ɗaya ne na katako, kuma rediyon da ke ta surutu a can tun safe ya yi tsit. An kashe shi.

Malama na bakin ƙofar waje tana raba maɓallai, hayaniyar tasha ta cika mata kunne. Na biyu ya shiga: tak, ƙarar maɓalli. Na uku: tak. Wani har tari ya yi kafin ya jefa, don a shaida muryarsa.

Ido-Biyu ya saki labule a bayansa. Warin roba, gwangwani a kan tsohuwar taya. Ta jikin katakon yana jin kujerar manaja ta yi ƙara, an matso da ita. Ya ɗaga notin daidai hudar. Ya tuna titin nan da ya rabu biyu. Ya tuna kuma sauran 'ya'yansa da ke gida, duk bakinsu a kan sitiyarin nan yake.

Tak.

"Kin ga, Malama," in ji manaja da aka zazzage gwangwanin, "noti ɗaya tal. Ai ba a rushe gida don ɓera guda. Yarana lafiyarsu lau."

Ba a yi maganar direba na biyu ba. Kafin wata ya ƙare aka sallami Kawu, wai shekaru sun ja.

Wata rana Ido-Biyu ya sauke fasinja da hantsi, sai manaja ya tare shi da makulli.

"Motar Kawu ta cika, ba direba. Kai ne ba ka san barci ba."

"Yallaɓai, yanzun nan fa na shigo."

"Shi ya sa. Jikinka da ɗumi."

Ya hau. Wata tsohuwa a kujerar gaba ta gyara wa jikarta zama a cinya.

"Alhamdu lillahi, Ido-Biyu ne. 'Yar nan, yi barcinki."

Ya zura hannu a aljihu neman kwalin ashana, yatsunsa suka taɓo notin. Ya ture shi gefe, ya zaro ƙwaya biyu, ya ƙara ɗaya, ya haɗiye ba ruwa. Ya tayar da inji. Ƙofar tasha tana gabansa, a buɗe. Ya murza ido, ya sake dubawa, yana jiran ta koma guda ɗaya.