Manyan Tuffar Baba

Ƙanshi ne ya tsayar da ni. Muna dawowa daga asibiti ni da ɗana, ta wani lungu a unguwar Xiaobei, a nan ƙasar Sin, sai na ji shi yana tashi daga kwalayen wani mai kayan marmari. Ƙafata ta ƙi gaba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake surukata na rubutawa. In kun ji maganar ta karkace ku yi mini uzuri, tun rasuwar maigidana Malam hawayena ba su da nisa.

A tudun Jos aka haife ni, a barikin kuza. Baba ya yi wa wani Bature aikin lambu, da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa dashen tuffa. Baba ya dasa su a bayan gida kusa da rijiya, inda ƙasar ta fi kyau, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Maƙwabta suka yi ta tsokanarsa, wai ya bar dankali yana renon baƙi.

Shekarar da suka fara 'ya'ya, ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, aka kai kwandon. Har zannuwanta suka ɗauki ƙanshin. An tsinke su sumul, ko ƙwarzane babu. Ba a jima ba sai wasu ƙananan tabo suka fara fitowa ta gindinsu, kamar wanda ya yi agana. In ka yanka, wurin ya bushe, ga ɗaci. Kuma manyan, waɗanda Baba ya ware domin baƙi da kasuwa, su suke fara lalacewa.

Kaka ta ce laifin ajiya ne. Ta naɗe su a ganye kamar goro. Wata shekarar ta turbuɗe su a toka kamar wake, wata shekarar a yashi. Da duk suka ƙi, ta ce baki ne, ta hana kowa leƙa kwandon.

Shi kuwa Baba manomi ne, abin da ya sani ke nan: shukar da ta gaza yunwa take ji. "Ba su ƙoshi ba ne, Inna," haka yake ce mata. Sai ya ƙara taki. Kashin kaji, kashin shanu, da damina mu yara muke ɗaukowa a daro daga rugar da ke bayan dutse, ruwan yana gangaro mana a wuya. Ganye ya yi kore shar, 'ya'ya suka yi girman dunƙulen hannun babba. Baba yana zagaya su yana murmushi. Aka tsinke, aka ajiye, tabon ya fi na bara.

Daga nan ya ce saura shekara ɗaya. In sun sake, zai sare su ya mayar da wurin na dankali, don gida ba ya cin inuwa. Wannan daminar mun ɗauki taki kamar wuyanmu zai karye, don ni ina son itatuwan. Ranar da ya buɗe kwandon ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗauki babbar, ya juya gindinta, ya mayar a hankali. Kaka ta ce, "Ka bar ko guda, don yaran nan." Ya rufe kwandon ya fita. Da hantsi muka ji gatari. Itacen ma da aka sa a murhu ƙanshi yake yi, na kasa cin tuwon ranar.

Malam ya san wannan labari. "'Yar mai tuffa" yake kirana in yana son ya ga na harare shi. Duk tafiyar da ya yi sai ya taho mini da guda ɗaya a aljihun rigarsa. Yakan ce in mun tsufa za mu koma tudu ya dasa mini. Mun tsufa, shi ya riga ni tafiya, ni kuma ɗana ya ɗauko ni nan domin maganin ƙafa.

Mai kayan marmarin nan dattijo ne mai farar hula, Musulmi daga arewacin ƙasar, inda ake noman tuffa. Ya yi mana sallama. Na ce wa ɗana, "Tambaye shi, tasu ba ta tabo in an ajiye?"

Mutumin ya yi dariya, ya yi ta bayani yana nuni da hannu kamar mai feshi.

"Hajiya," in ji ɗana, "wai ba a ɗaki cutar take shiga ba, tun a kan itace ne. Akwai abin da ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai, kalsiyam. Ganye ne ke kwashe shi, ɗan ya rasa. Sai su jiƙa shi a ruwa su riƙa fesawa a ganye da 'ya'yan, tun suna ƙanana har kusa da tsinka."

"To taki fa?"

Ya tambaya. Dattijon ya girgiza kai.

"Wai in ya yi yawa shi ke ƙara ta. Manyan su suka fi kamuwa."

Na dafa kwalin. Baba ya koma ga Allah yana ganin bai ciyar da su sun ƙoshi ba. Ashe da wuyanmu muke kai musu cutar, muna murna. Na yi kuka a bakin titi, ban ji kunya ba. Dattijon ya rikice, ya zaɓo wadda ta fi girma ya sa mini a hannu, yana cewa, "Mama, Mama."

Yanzu a Jos ɗin ma an ce ana noma ta, matasa na goya tankin feshi a baya. Babu wanda zan je in faɗa wa. Baba babu, Kaka babu, mai kawo mini a aljihu babu.

Tuffar tana kan tagar ɗakina. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ɗauke ta in juya gindinta, yadda Baba yake yi. An kwana biyu, ko ɗigo babu. Ɗana ya ce, "Hajiya, ki ci mana, akwai wasu." Na ce ya bar ta tukuna. Ina so in ga iya kwanakin da ta Baba za ta yi, da a ce ita ma ta samu feshin nan.