Sun Yanke Ni Daga Hoton, Sun Rataya Wa Maître Isa Bindiga

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe labarin ya same ni. Maître Isa, malamina, ya rasu. Jiya da la'asar harsashi ya same shi wajen unguwar Yakité, yana dawowa daga cikin gari da tawadar injin buga takarda.

Kuma ba daga bakin ɗan'uwa na ji ba. Ina shan shayi Rabi 'yata ta miƙo mini waya, ta ce, "Baba, duba." Shafin farko ne na wata jaridar cikin gari da ba zan ɓata bakina da sunanta ba. Ga fuskar Maître. A samanta ƙaton rubutu da Faransanci, wai an kashe wani shugaban 'yan bindigar Kilomita Biyar, wato unguwarmu ta Musulmi a nan Bangui.

Shugaban 'yan bindiga. Isa. Mutumin da in ɓera ya shigo aji shi ke fara hawa benci.

Wanda ya ga jaridar ya sake dubawa. An yanke hoton daidai ƙirji. Baƙin madaurin nan da ya ratso daga kafaɗarsa, wanda suke so ku ɗauka na bindiga ne, madaurin jakar laptop ɗinsa ne. A kusurwar hagu akwai wani farin abu kamar buhun gari. Ba buhu ba ne, tumbina ne cikin shadda. Ni ke tsaye kusa da shi. Ranar da muka gama koyo aka ɗauki hoton, mu ɗalibansa duka muna ciki, kowa riƙe da takardar shaidarsa.

A yanke ni ban damu ba, hoto ma ya fi kyau ba ni. Abin da ya hana ni zama shi ne mahaifiyarsa. Mama Jeanne Kirista ce, tsohuwa, tana zaune ita kaɗai a wata unguwa can waje da Kilomita Biyar. Duk ɗan Bangui ya san abin da ake yi wa gidan da aka ce ɗansa shugaban 'yan bindiga ne. Jaridar nan kuwa tun safe take yawo a unguwarsu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Garba mai ƙusa da kwaɗo a kasuwa. Bokona ya tsaya a aji huɗu bisa yarjejeniya: malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa.

Lokacin da harbi ya ɗan lafa amma motocin da ke kawo mana kaya daga Kamaru ba su dawo sosai ba, shagona ya zama wurin korar ƙuda. Sai na kai Rabi wurin Maître a Kokoro, nan cikin unguwarmu, ta koyi mise en page, wato tsara shafin jarida a kwamfuta: ina labari zai zauna, ina hoto, ina babban kanu. Ba na yarda ta dawo ita kaɗai, don haka ina zama a bakin ƙofa ina jiranta, ina ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Wata rana Maître ya jawo kujera, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, don shi yaren Sango ya sha a nono, "Papa Garba, bakinka ya riga ya iya aikin nan. Saura hannu."

Na riƙe linzamin kwamfuta kamar guduma. Ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce, "Yeke yeke, Papa. A hankali. Ba ƙusa ba ce."

Aikina na farko, na saka hoton limaminmu a akwatin hoto, bai cika ba. Sai na ja shi ta gefe. Liman ya fito da faɗi kamar wanda ya haɗiye faranti. Maître ya fita waje ya yi dariyarsa ya gama, don kada ya kunyata furfurata a gaban yara. Da ya dawo ya ce, "Papa, fuskar mutum amana ce. In ba ta dace da akwati ba, akwatin za ka gyara."

Mutumin da ya faɗi wannan, yau dubi abin da aka yi da tasa fuskar.

Ajinsa kowa na shiga. Yaran unguwa, da yaran Kiristoci na waje da ke ƙetarowa da zuciya a hannu. Shi da kansa yake raka su har inda unguwa ta ƙare. In man janareta ya yi ƙasa, ya kashe fankar da ke kansa, ya bar mana kwamfuta. In wuta ta ɗauke ban adana aikina ba, kuma kullum ban adana ba, ya zauna mu sake tun daga farko, yana ciro gyaɗa daga jakar nan yana ba ni don in daina zagin kamfanin wuta.

Da muka fitar da 'yar jaridar makarantar Islamiyyarmu, ya sa a ƙasan shafin ƙarshe cewa Garba ne ya tsara. Ban taɓa ganin sunana a buge ba sai a katin shaida. Uwar Rabi ta kai wa maƙwabta suka gani, har da waɗanda ba sa karatu.

Ranar Juma'a na gan shi na ƙarshe. Ya biyo ta shago, na nuna masa sabon shafin da na tsara ina ta taƙama. Na cika kowace kusurwa: fure a nan, tauraro a can, rubutu kala-kala. Ya kalla ya dafe kai.

"Papa, ka bar wa takarda wurin numfashi."

Na ce, "Maître, ni ɗan kasuwa ne. Kanta ba kaya abin kunya ne. Ina dalili in bar fili fari kamar na talauce?"

Ya ce, "Wannan ba shafi ba ne, shagonka ne ranar jajiberin Sallah."

Muka yi dariya. Ya ce zai leƙo ranar Talata mu rage furannin. Ya gyara jakarsa ya tafi.

Yanzu bari in yi magana da mutum ɗaya. Hoton nan bai taɓa fita ko'ina ba. Mu da ke cikinsa kaɗai muke da shi. Ke nan wanda ya kai shi jaridar nan, ko wanda ya zauna ya yanke shi, ya zauna a bencin da na zauna. Ban san ko wane ne kai ba, kuma ba zan yi zato in ɗauki alhakin wani ba. Amma ka san jakar nan. Ka ci gyaɗa daga cikinta. Yankan hoton ma shi ya koya maka. Ka ga an bar fili a shafin farko, ana neman fuskar Musulmin Kilomita Biyar da za a cike shi, sai ka ɗauko ta malaminka. Ka matsa layin yanka sama, sama, har jaka ta ɓace madauri ya rage. Ba kuskure ba ne. Ni da aji huɗuna na san ba a yin wannan da kuskure.

Ban tsaya kuka ba, ban iya shi da kyau ba ma. Na je gidan rasuwa na yi wa matarsa gaisuwa, na roƙi makullin aji. Rabi ta rubuta bayani da Faransanci da Sango, ni na tsara shafin. Hoton gaba ɗayansa, daga hulunanmu har takalma, da jakar a rataye, da sunan kowa a ƙarƙashinsa. Shi ne na liƙa a ƙasan wannan rubutun.

Muna cikin bugawa Célestine ta kira. 'Yar ajinmu ce daga waje, ita ce mai jan ɗankwali a hoton.

Ta ce, "Papa Garba, daga gidan Mama Jeanne nake. Samari sun fara taruwa a bakin layi da jaridar a hannu. Na ce ta zo gidanmu ta ƙi. Ta ce a nan ta haife shi."

Na ce, "'Yata, ina da takardu, amma ƙafata ba ta ƙetarawa, kin sani."

Ta ce, "Ka kawo bakin iyaka. Ni zan liƙa a ƙofarta, in tsaya kusa da ita. Su kalli hoton su kalle ni. In shi ɗan bindiga ne, ni ma ce."

Na kai mata. Ta karɓa ta cusa cikin zane ta juya, ko singila, wato na gode da Sango, ban samu na ce mata ba.

Don Allah jama'a, wannan karon ba alamar fuska mai kuka nake nema a ƙasan rubutuna ba. Ku tura hoton nan. Duk mai abokin ciniki a waje, mai tsohon maƙwabci, mai suruki, ya tura masa yanzu, kafin rana ta faɗi. 'Yan ajinmu da ke cikin hoton, kowa ya fito ya ce ga ni nan.

Bayan azahar za mu kai Maître makwancinsa. Mahaifiyarsa ba za ta iya shigowa ta gan shi ba. Ku taimaka a bar ta ta yi kukanta a ɗakinta, da rufi a kanta.

Ya Allah, Kai Ka san abin da ke rataye a kafaɗar bawanKa Isa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabari, Ka wanke sunansa a bakin mutane. Ka tsare tsohuwar nan da yarinyar da ke tsaye a ƙofarta. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri.

Wanda ya karanta har nan, ya tura hoton tukuna, sannan ya ɗaga hannu ya sa shi a addu'a.