Gurbin Kwano a Katangar Kawu

Ko da zan manta da komai na zamana a unguwar Maisandari, ranar da aka kulle ni a gida ni da jaririya ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji ƙarar an danna kwaɗo sai na waiga na dubi ƙofa.

A lokacin na gama sakandare, ina zaune a gidan kawuna ina taya matarsa, wadda nake kira Anti, renon 'yarsu da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Kawu akawu ne, mutumin kirki, sai dai duk abin da ya gani a talabijin yakan ɗauke shi kamar wa'azi. Maƙwabtanmu Kiristoci ne daga wajen Biu. Maigidan malamin makaranta ne, matarsa kuma kowa a layin Mama yake ce mata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ta kanta ake miƙa abinci. Mama ta taka turmi daga can, ni in taka duron ruwa daga nan, kwano ya ƙetare. Da Kirsimeti shinkafa da kaza su zo mana, da Babbar Sallah naman layya ya je musu.

Shekarar da Malam, mijin Mama, ya sayi bidiyo, sai suka gayyace mu kallo a hutun Kirsimeti. Fim ɗin na Turawa ne, ko'ina ƙanƙara. Wasu ɓarayi suka zo ƙofar wani gida da ƙunshin kyauta a hannu, wata tsohuwa ta buɗe musu, suka kwashe gidan tas. Kawu bai bar kowa ya ji magana ba.

"Kada ki buɗe! Baiwar Allah, kada ki buɗe!" Da ta buɗe sai ya dafe kai ya juyo gare ni. "Kin gani ko? Ke ma haka za ki yi."

Mama ta ce, "Maigida, zauna ka ci cincin, tsohuwar nan ba ta jin Hausa."

Mu mun yi dariya mun manta. Kawu bai manta ba. Kafin sabuwar shekara mai walda ya zo ya sa ƙarafa a kowace taga, aka sayo kwaɗo mai girman tafin hannu, magini kuma ya bi kan katanga yana dasa fasassun kwalabe. Da ya iso daidai wurin turmi, sai ga kan Mama ya leƙo.

"Maigida, in ka sa kwalba a nan, ta ina naman layyata zai iso?"

"Mama, ai ga ƙofa."

"In zagaya layi da miya a hannu? To ka sa, amma ka yi sallama da kazar Kirsimeti."

Kawu yana son kazar nan. Ya sa aka bar gurbi daidai faɗin tire, yana ƙunƙuni cewa ta nan ɓarawo zai shigo wata rana.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Kawu zai kai Anti Zabarmari a babur su sayo shinkafa. Da suka fita sai na ji ya danna kwaɗo ta waje. Na ce, "Kawu, ina ciki fa!" Ya ce, "Na sani. Ko wa ya zo da kyauta, ki ce babu makulli." Har dariya na yi.

Na kwantar da yarinyar a tabarma, na shiga rumfar girki na kunna risho. Ashe kananzir ɗin da aka sayo a bakin titi an gauraya shi da fetur. Ina sa ashana sai ji na yi fuu! Wuta ta tashi sama ta kama zanar rumfa. Na ja da baya, na kwara ruwan da ke bokiti, kamar ma na ƙara mata ƙarfi. Sai idona ya faɗa kan jarkar fetur ɗin babur ɗin Kawu, tana jingine a lungun da rumfar ta ƙare.

Na sunkuci yarinyar na ruga ƙofa. Na ja, na buga, na sa kafaɗa. Kwaɗon Kawu ya yi aikinsa, babu ɓarawon da zai shigo, mu ma babu mai fita. Na shiga ɗaki, ga taga, ga ƙarafa sababbi ful. Yarinyar tana tari tana ƙanƙame wuyana. Na sake fitowa tsakar gida. Wannan tsayuwar da na yi a tsakar gida, ina juyawa ban ga hanya ba, ita ce har yau take dawo mini.

Sai na ji muryar Mama daga sama. Tana kan turminta, ɗankwali ya zame.

"'Yata! Nan! Hau duro!"

"Mama, wuta, jarka..."

"Bar jarka! Miƙo ta, kamar yadda kike miƙo kwano!"

Na hau, na ɗaga yarinyar da hannu biyu na tura ta cikin gurbin. Mama ta karɓe ta, ta sauke, ta dawo ta kama hannuna ta fizgo ni. Ni na fi tire faɗi, don haka kwalba ta yanke ni a ƙwauri, tabon yana nan. Ta wannan gurbin Malam ya dira cikin gidanmu ya janye jarkar, mazan layi suna miƙa masa yashi a bokiti. Masu dukan kwaɗo da guduma kuwa sun sha wahala, don Kawu bai sayi na banza ba. Kafin ya karye, rumfa ta zama toka.

Da Kawu ya dawo ya ga taro a ƙofarsa, buhun shinkafa ya faɗi bai waiwaya ba. Ya karɓi 'yarsa ya rungume, Hausarsa ta gudu, sai addu'a yake da Kanuri yana hawaye. Ya durƙusa ya duba yankan da ke ƙafata. Mama ta bari sai da ya sha ruwa ya natsu, sannan ta ce, "Maigida, ga ɓarayinka nan, ta gurbin kwano muka shigo."

Kawu ya yi dariya da jiƙaƙƙen ido. Washegari magini ya dawo, ya fasa katangar a daidai wurin ya sa 'yar ƙofa, aka kuma gyara taga ɗaya ta riƙa buɗewa daga ciki. Da Kirsimeti ta zagayo muka sake zuwa kallo, wani gida ya kama da wuta a fim ɗin, sai Kawu ya miƙe yana cewa, "Ina ƙofar baya? Mutanen nan ba su da maƙwabta ne?"

Abin da na koya shi ne, duk wanda zai kulle gida don tsoron na waje, ya fara tambayar kansa ta ina na ciki zai fita. Yanzu duk gidan da na shiga, kafin in zauna sai na duba hanyar fita, sannan in tambayi wane ne a bayan katanga.